Mene ne ma'anar “dirty” a Turanci, kuma me ya sa masu rubuta manhaja ba sa rabuwa da ita?

Wani ƙanena da ke koyon rubuta manhaja ya aiko mini da wannan tambaya: “Yaya, tun muna firamare aka koya mana cewa dirty datti ne. Yanzu na haɗa wani ɗan aiki, sai na ga kwamfuta ta liƙa -dirty a ƙarshen lambar sigarsa. Ga shi kuma mai duba aikinmu ya rubuto cewa fom ɗina yana zama dirty tun kafin a taɓa shi. Cewa ake yi aikina ƙazami ne? Wai ma'ana nawa kalmar nan take da su?”

Ƙanena, kwantar da hankalinka, babu wanda ya zage ka. A wurare biyun nan da ka ambata, kalmar ba ta ɗauke da zargi ko kaɗan. Amma ka kyauta da ka tsaya ka tambaya, domin akwai wuri na uku a sana'ar nan tamu inda in aka ce aikinka dirty ne, to lallai kushe shi aka yi, kuma dole ka iya rarrabewa. Na koyar da Turanci a sakandare kafin na koma rubuta manhaja, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda na fi ganin suna rikita mutanenmu. Tushen rikicewar kuwa a gidanmu yake.

Dattin da muke faɗa kullum, shi ne dirty ɗin nan. Aro muka yi daga Turanci. Turawan Ingila ba sa furta r ɗin da ke tsakiyar kalmar, shi ya sa kunnen kakanninmu ya ji wani abu kamar dati, baki kuma ya ƙara masa nauyi ya zama datti. A Turanci sifa ce, mu kuwa muka mai da ita suna, sai mu ce riga ta yi datti, ko yaro mai datti. Da ma muna da namu, dauɗa da ƙazanta, ga najasa da muka samu daga Larabci. Kada ka haɗa da dattijo, wannan daga Fulatanci ya zo, kamar sauti ce kawai ta haɗa su. Abin lura shi ne da muka yi aron, ma'ana ɗaya tak muka ɗauko, ta wanki da shara, muka bar sauran a can. Don haka da zarar Bahaushe ya ga dirty, kunnensa ya riga ya ce masa datti, sai tunani ya tsaya a nan.

Su ma Turawan aro suka yi. Asalin kalmar drit ce, daga harshen mutanen arewacin Turai, 'yan Viking ɗin nan da suka mamaye gabashi da arewacin Ingila a ƙarni na 9, kuma ma'anarta kashi, bayan gida. Daga baya haruffa suka yi musanyar wuri, drit ta koma dirt, kamar yadda brid ta koma bird. Mu ma muna yin haka: bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya. Da tafiya ta yi tafiya, ma'anar ta faɗaɗa daga kashi zuwa laka, zuwa ƙura, zuwa ƙasa ita kanta. Shi ya sa Ba'amurke yake kiran hanyar da ba a zuba wa kwalta ba dirt road, ba tare da nufin cewa shara ce a kanta ba.

Daga jiki sai kalmar ta shiga hali, kuma a nan ne za ka ga wadatar Hausa, domin inda Bature yake maimaita kalma ɗaya, mu kowane wuri da tasa. Dirty joke batsa ce, haka dirty talk. Dirty look harara ce. Dirty trick makirci ne ko ha'inci. Ɗan ƙwallon da aka ce he plays dirty ɗan ƙeta ne, in kuwa ɗan siyasa aka faɗa wa, to maguɗi da yarfe ake nufi. Wanda yake yi wa wani dirty work shi ne karen farautarsa, mai aikata abin da ubangidan ba ya so a gan shi a ciki. Wanda ya wanke dirty linen ɗinsa a gaban jama'a ya tona asirin cikin gida ne. Dirty money kuɗin haram ne, kuma dubi yadda harsunan biyu suka rabu a nan: Bature ya ga kuɗin da datti, sai ya kira ɓoye asalinsu wanki, money laundering, gidajen rediyonmu kuwa suka ce halasta kuɗin haram. Shi ya yi tunanin ruwa da sabulu, mu muka yi tunanin halal da haram. Wannan fassarar ta fi wankin kuɗi nesa ba kusa ba, domin ta bi ma'ana, ba ta bi harafi ba.

Akwai ɗaya mai fuska biyu da ya kamata ka riƙe: get your hands dirty. In shugabanka a wurin aiki ya ce yana son injiniyan da ba ya tsoron get his hands dirty, yabo ne, yana nufin mai zage damtse ya shiga aikin da kansa, ba mai zama a kujera yana ba da umarni ba. In kuwa a labarin cin hanci ka gani, to hannunsa dumu-dumu a cikin laifi ake nufi.

Wadda ta fi nauyi ita ce Dirty War. Wannan suna ne na abin da ya faru a Ajantina tsakanin 1976 da 1983, lokacin da sojoji ƙarƙashin Janar Jorge Rafael Videla da waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa sace ɗalibai, 'yan ƙwadago, 'yan jarida da lauyoyi, a azabtar da su a ɓoye, a kashe, a ɓatar da gawa. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar mulkin soja ta tattara sunaye 8,961 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna cewa adadin ya kai 30,000. Tun 1977 uwayen waɗanda aka ɓatar suka fara zagaya dandalin Plaza de Mayo da fararen ɗankwalaye suna neman 'ya'yansu. In ka fassara wannan da yaƙi mai datti, ba ka faɗi komai ba. In ka ce ƙazamin yaƙi, ka kauce, domin a bakin 'yan jaridarmu ƙazamin faɗa na nufin faɗa mai tsanani, ba na ɓoye da zalunci ba. Su kansu 'yan Ajantina da yawa ba sa son sunan, suna cewa ba yaƙi aka yi ba, ta'addancin gwamnati ne a kan jama'arta. Dirty bomb kuma ba makamin nukiliya ba ne kamar yadda wasu ke zato, bam ne na yau da kullum da aka haɗa da abu mai fitar da tururin nukiliya don ya gurɓata wuri.

Turancin Najeriya ma ya ƙara nasa. Dirty slap mari ne mai zafi, irin wanda ake ganin wuta, babu ruwansa da ko hannun mai marin wankakke ne. Detty December da ake yi wa shagulgulan ƙarshen shekara a Legas da Akara, daga dirty ɗin nan aka lanƙwaso shi.

To yanzu ga rukunin da zai kai mu ga tambayarka, kuma shi ne makaranta ba ta koyarwa. Akwai wuraren da dirty ba ta nufin ƙazanta, ba ta kuma nufin mugun hali. Dirty rice shinkafa ce da ake dafawa a jihar Luwiziyana ta Amurka da hantar kaza da ƙundu, launinta ya yi duhu, kuma abinci ne na marmari. Dirty blonde launin gashi ne, fari-fari mai surkin ruwan ƙasa. A kasuwar takardun lamuni, dirty price farashi ne da aka haɗa da kuɗin ruwan da ya taru tun biya na ƙarshe, clean price kuwa wanda ba a haɗa ba, kuma dirty ɗin shi ne ainihin abin da mai saye yake biya. Matuƙin jirgin sama yana cewa jirginsa dirty ne in ya sauke tayoyi ya buɗe fikafikan rage gudu zai sauka. A duk waɗannan, abin da kalmar take faɗa shi ne: abin nan ba a yadda yake na asali yake ba, an taɓa shi, an ƙara masa wani abu. Babu laifi, babu yabo, bayanin hali ne kawai. Wannan ma'anar masu kwamfuta suka ɗauka suka gina mata gida.

Ka tuna shagon atamfa a Kantin Kwari. Mai shago yana da babban littafi a cikin durowa, inda yake da lissafin kowane irin kaya. Amma ba zai riƙa ciro shi duk lokacin da aka sayi turmi ɗaya ba, ga masu saye sun cika gabansa. Don haka da safe yakan kwafi lissafin a 'yar takarda ya ajiye a kan tebur. An sayi turmi uku, sai ya soke 40 ya rubuta 37, ya yi ɗan ɗigo a gefen layin. Da yamma in zai rufe, ba zai sake kwafe takardar duka ba, layukan da ke da ɗigo kawai zai shigar a babban littafi, sannan ya goge ɗigon. Wannan ɗigon shi ne dirty bit. Layin da ke da ɗigo ba kuskure ba ne, shi ne ma ya fi gaskiya, domin shi ke ɗauke da sabon lissafi. Abin da ɗigon ke faɗa kawai: takarda da littafi sun saɓa, kuma ba a daidaita su ba tukuna.

Haka kwamfuta take. Tana da ma'adanar aiki mai sauri, RAM, wadda take mantuwa da zarar wuta ta ɗauke, tana kuma da faifai mai riƙe abu dindindin amma mai nawa. An yanka ma'adanar aiki shafi-shafi, yawanci kowane shafi bayit 4,096. A injinan Intel da AMD, kowane shafi yana da layinsa a wani jadawali, kuma a layin akwai bit guda, wato ɗan gurbi mai ɗaukar 0 ko 1, na 6 in ka fara ƙirga daga sifili, wanda ƙwaƙwalwar kwamfutar da kanta take kunnawa da zarar an rubuta wani abu a shafin. Amfaninsa yana fitowa in wuri ya yi ƙaranci. Shafin da yake clean ana iya watsar da shi nan take, tunda kwafinsa na nan a faifai. Shafin da yake dirty kuwa dole a fara rubuta shi a faifai, in ba haka ba sabon abin da ke cikinsa ya tafi ke nan.

Kana iya ganin wannan da idonka in babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarka Linux ce. Soka filash, fara kwafa masa babban bidiyo, sannan ka buɗe tagar umarni ka rubuta grep Dirty /proc/meminfo, ka yi ta maimaitawa. Za ka ga lambar tana hawa, ɗaruruwan dubban kilobayit, kuma sau da yawa sandar kwafi za ta nuna an gama alhali lambar ba ta sauko ba. Rubuta sync ka jira, sai ka ga ta faɗo kusan sifili. A tsarin da Linux take zuwa da shi, mai kwashe shafukan yana farkawa duk bayan daƙiƙa 5, yana kuma rubuta abin da ya kai daƙiƙa 30 yana jira. Na taɓa tsayawa a wani shagon buga takardu, wata ɗaliba ta kwafi kundin bincikenta, ta ga an nuna an gama, ta fizge filash ta ruga don ta kama mota. Bayan awa ɗaya ta dawo idonta jajir, sunan fayil ɗin na nan, cikinsa babu ko harafi. Shafukan suna dirty ta cire. Wannan shi ne dalilin maɓallin nan na cire filash lafiya da mutane ke raina wa: umarni ne ga kwamfuta ta shigar da layukan ɗigo a babban littafi kafin a rufe shago.

Mu da wuta ke ɗauke mana babu sallama mun fi kowa sanin ɗan'uwan wannan. In kwamfuta mai Windows ta mutu tana tsakiyar rubutu, faifan yana iya kwana da alamar dirty, shi ya sa in ka kunna sai ka ga ta tsaya tana duba faifai kafin ta buɗe. Kana iya tambayarta da kanka da umarnin fsutil dirty query C: za ta ce maka ko faifan dirty ne ko a'a. Kashewar da ba a shirya ba sunanta dirty shutdown, wutar janareta mai hawa da sauka kuma dirty power. Ɗigon nan ko tauraron da ke fitowa kusa da sunan fayil in ka yi rubutu ba ka adana ba, shi ma alamar dirty ce aka nuna maka a fili.

Yanzu fom ɗinka. Manhajojin haɗa fom suna bin kowane gurbi suna lura ko mai cikawa ya sauya abin da ke ciki. A Angular, gurbin da ba a sauya ba sunansa pristine, wato sabo fil, wanda aka sauya kuma dirty. Kada ka haɗa shi da touched, wanda ke nufin mutum ya shiga gurbin ya fita ko da bai rubuta komai ba. Da wannan alamar ake sanin lokacin da za a kunna maɓallin adanawa, da lokacin da za a tare mutum a ce masa ka yi gyara ba ka adana ba, ka tabbata za ka fita? To abin da mai duba aikinka yake faɗa shi ne fom ɗinka yana ɗaga wannan alamar tun mutum bai sauya komai ba, don haka zai riƙa tare mutane da gargaɗin banza. Matsala ce ta gaske, amma ƙarama, kuma ba maganar kyan aikinka ba ce. A irin React Hook Form, ana gane dirty ne ta kwatanta abin da ke gurbi yanzu da ƙimar farko da ka ba shi. In ba ka ba shi ƙimar farko ba, ko ka ba shi lamba 5 gurbin kuma ya mayar da rubutu “5”, sai ya ga sun saɓa ya ce an taɓa. Mafi yawan lokutan da na ga wannan matsalar, a nan take.

Ita kuwa -dirty da ke ƙarshen lambar sigarka, daga Git ta fito, manhajar bin sawun gyare-gyare da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Akwai umarnin git describe --dirty da ake sakawa a cikin tsarin haɗa manhaja don ya ba ta suna. In duk gyaran da ka yi ka riga ka shigar da shi a tarihi, za ka ga v1.2 kawai ko makamancinsa. In akwai fayil ɗin da ka gyara ba ka shigar ba, sai ya rubuta v1.2-dirty. Takardar tebur da babban littafi ne dai har yanzu. A kan kwamfutarka kana gwaji, babu komai. Amma kada ka taɓa miƙa wa mai aiki manhajar da ke ɗauke da wannan wutsiya, domin ranar da ta ba da matsala babu wanda zai iya sake haɗa irinta sak, har da kai, tunda abin da ke cikinta ba ya rubuce a ko'ina.

Akwai wadda take tsakiya, ba zagi ba ce amma haɗari ce: dirty read, a rumbun bayanai. Ka ɗauka wani ya tura wa mai POS naira 20,000. Rumbun ya fara aikin, ya ƙara kuɗin a asusun mai POS, amma bai rufe cinikin ba tukuna domin yana jiran ya tabbatar an cire daga asusun mai turawa. A wannan ɗan tsakanin, wata manhaja ta leƙa ta ga kuɗin, ta nuna wa mai POS sun shigo, shi kuma ya ƙirga tsaba ya miƙa. Sai cirewar ta gaza, rumbun ya warware komai ya koma yadda yake. Abin da manhajar nan ta karanta bai taɓa tabbata ba, ga kuɗi sun bar hannu. Ƙa'idar 1992 ta SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ta ambaci wannan da sunansa, ta kuma tsara matakai huɗu na killace ciniki, inda mafi sassauci, READ UNCOMMITTED, shi kaɗai ya yarda da dirty read. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ba ta yin sa sam ko ka roƙe ta. A SQL Server kuwa akwai kalmar NOLOCK da matasa ke yayyafawa a ko'ina don sun ji ana cewa tana ƙara sauri, alhali ƙofar dirty read take buɗewa. Shawarata: duk inda kuɗin mutane ko makin jarrabawarsu yake, kada ka kusance ta.

Sai wuri na uku da na yi maka alkawari, inda kalmar take komawa gidanta na zargi. Dirty hack, dirty fix, dirty code. Ka san bakaniken da salansa ta faɗo a hanyar Zariya ya ɗaure ta da waya ya ce muje? Mota ta tashi, an isa gida, amma kowa ya san ba gyara aka yi ba. A manhaja, misalinsa shi ne lissafi ya ƙi fitowa daidai ga mai lamba 47 kaɗai, maimakon ka binciko dalili sai ka rubuta: in lamba 47 ce, ƙara ɗaya. Ya yi aiki yau. Bayan wata shida wani zai zo ya tarar da 47 a tsakiyar kod babu bayani, ya rasa ta inda zai kama. In mai duba aiki ya rubuta this is dirty a gefen layukan da ka rubuta, wannan yake nufi, kuma gyara yake nema.

Quick and dirty ta ɗan fi sauƙi, domin sau da yawa mai aikin ne da kansa yake faɗa, yana sanar da kai cewa na gaggawa ne, a yi maneji. Kuma kada ka raina irin wannan aikin. A 1980 wani injiniya mai suna Tim Paterson, a kamfanin Seattle Computer Products, ya rubuta babbar manhajar tafiyar da kwamfuta cikin 'yan watanni, ya sa mata suna QDOS, wato Quick and Dirty Operating System. Aka sauya mata suna zuwa 86-DOS, Microsoft ta saye ta a 1981, ta zama MS-DOS, wadda ta tafiyar da kwamfutocin IBM da miliyoyin irinsu shekara da shekaru. Abin da ya dame ni da aikin gaggawa shi ne yadda yake daɗewa fiye da yadda mai shi ya yi niyya. Ward Cunningham ya kwatanta shi da bashi a 1992, kuma kwatancen ya zauna: cin bashi ba laifi ba ne in buƙata ta kama, amma ka rubuta shi a inda za a gani, ka kuma sa ranar biya. Ni in na yi ɗaurin waya, nakan bar bayani a saman layin: ga abin da na yi, ga dalili, ga abin da ya kamata a yi.

Masu farautar ɓaraka ma sun yi wasa da fuskokin kalmar biyu. A Oktoban 2016 aka bayyana wata ɓaraka a zuciyar Linux mai suna Dirty COW, wadda take ba ƙaramin mai amfani damar rubutu a fayil ɗin da aka ce karatu kawai zai yi, har ya ƙwace ikon kwamfutar duka. Ta shafe kimanin shekara 9 a ciki ba a toshe ba, ta kuma shafi wayoyin Android. COW ɗin ba saniya ba ce, taƙaitawar copy-on-write ce, dabarar da ba a kwafar shafi sai an zo rubutu a kansa, dirty ɗin kuma na shafukan nan ne da muka yi bayani. A 2022 aka sami 'yar'uwarta, Dirty Pipe.

Na bar dirty data a ƙarshe domin ita ce ta fi taɓa ni. Ma'anarta bayanan da aka tara babu tsari, masu maimaici da gurabe da saɓani. Buɗe rajistar kowace makaranta ko asibiti a ƙasar nan: mutum ɗaya Muhammad ne a wannan layi, Mohammed a wancan, Muhd a na uku, Moh'd a na huɗu. Lambar waya ɗaya ta fara da 0803, a wani wurin da +234803. An rubuta 03/04, ba ka san ko 3 ga Afrilu ba ne ko 4 ga Maris. Daidaita wannan aiki ne babba, kuma za ka yi shi da yawa a rayuwarka. Amma ina roƙonka abu ɗaya. Yawancin dabarun tsabtace bayanai da za ka kwaso a intanet an rubuta su ne da tunanin haruffan Turanci 26, duk abin da ya fita daga nan sai su ɗauke shi datti su share. Sai Ɗanladi ya koma anladi, ko alamar tambaya ta maye gurbin Ɗ. Sai fom ya ce wa Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il sunansu yana ɗauke da alamar da ba a yarda da ita ba. Sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ba datti ba ce, hamzar Sa'adatu ba datti ba ce, sunan mutane ne da harshensu. Ka ajiye rubutu da tsarin UTF-8, mai ɗaukar haruffanmu duka, tun daga fom har rumbu, ka kuma gwada manhajarka da sunayen 'yan gidanku kafin ka ce ta gama.

Yadda nake rarrabewa in na ci karo da kalmar a aiki shi ne na duba abin da aka jingina ta da shi. In shafi ne, ko bit, ko fom, ko fayil, ko faifai, ko ma'ajiyar Git, wato abin da kwamfuta take iya aunawa da kanta, to hali ake bayyanawa, kuma da Hausa sai ka ce an taɓa shi, ko yana da gyaran da ba a adana ba. In kuwa dabara ce, ko gyara, ko salon rubutu, wato abin da sai mutum ya duba ya yanke hukunci, to kushe ce, sai ka ce aikin faci, ko ɗaurin waya. In ka yi shakka, nemi kishiyarta a wurin: in pristine ce ko saved ko committed, babu zargi, in elegant ce ko proper, akwai.

Naka duka biyun na farko ne. Rubuta git status, za ta jero maka fayilolin da ka taɓa. Shigar da waɗanda kake so, mayar da sauran, har sai ta ce working tree clean, sannan ka sake haɗa manhajar, wutsiyar za ta ɓace. Fom kuma, buga ƙimar farko da ƙimar da ke gurabe a daidai lokacin da shafin ya buɗe, ka jera su gefe da gefe, ka nemi gurbin da suka saɓa. In ka duba ba ka gano shi ba, turo mini ɓangaren da ka ba fom ɗin ƙimar farko mu duba tare.